Kalma ɗaya a ido, amma ordinater ta ce biyu ce: ina matsalar take?

Mushe_Laminu:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin ordinater, wato kwamfuta. Muna shirya jerin kalmomin Hausa don malaman firamare a nan Maradi, kowace kalma da karin sautinta da tsawon wasalinta, kamar gàrī na zama da gā̀rī na tuwo. Mutum uku suka buga, kowa a injinsa, aka haɗe a fishiye (fayil) ɗaya. Yanzu in an nemi gàrī sai ta fito a wasu layuka, ta ƙi fitowa a wasu, alhali ga ta nan ido na kallonta. Na biyu kuma, da aka fitar a takarda, aksan (alamar karin sauti) ɗin da ke kan ā ya zame gefe, wani wurin har ya hau kan r. Laifin injin bugawa ne ko na masu bugun?

DanGulbi227:
Wa alaikumus salam Mushe. Matsala biyu ce daban, a ware su. Ta farko ba ruwan injin bugawa. A tsarin Unicode, wanda injina ke bi wajen ajiye rubutu, kowane harafi yana da lambarsa, kuma à tana da hanyar ajiya biyu. Akwai dunƙulalliya, lamba ɗaya tak, U+00E0. Akwai kuma warwararriya: a ta kullum, U+0061, sai a bi ta da wata lamba, U+0300, wadda ba ta tsayuwa da ƙafarta, aikinta kawai ta hau harafin da ya riga ta. Irin waɗannan alamomi masu hawa suna da gidansu daga U+0300 zuwa U+036F, gurbi 112. A allo duka biyun à ce. To amma manhajar da ke nema tana gwada lamba da lamba ne, in ba a koya mata ba sai ta ce ba dangi ba ne. Cikin masu bugun nan uku wani ya danna à ta kan klabiye (allon maɓallan bugu), wani kuma ya ɗora alama a kan a.

Hajiya_Rabi_Kod:
Haka ne. Mushe, kafin a taɓa komai a tabbatar tukuna. In jerin yana Excel na Faransanci, sa =NBCAR(A1) a gefen kalmar. gàrī dunƙulalliya za ta ba da 4. In ta ba da 5 ko 6, akwai alama mai hawa a ciki. Don ganin lambar harafi na biyu sa =DECHEX(UNICODE(STXT(A1;2;1))). In E0 ta fito, dunƙulalliya ce. In 61 ta fito, a ce tsirara, alamarta na biye a gurbi na uku, can za ka ga 300.

Mushe_Laminu:
Allah ya saka Hajiya. Na gwada, ga 4, ga 5, ga 6 duk a kalma guda. To ba sai a mayar da kowa dunƙulalle a huta ba?

DanGulbi227:
Akwai ƙa'idar yin haka, sunanta NFC: tana dunƙule duk abin da ke da dunƙulalliyar lamba. Kishiyarta NFD tana warware kowa. Sai dai kada ka zaci NFC za ta mayar da kowane harafi lamba ɗaya. Dubi gā̀rī ta tuwo. ā tana nan, U+0101, amma ā mai aksan grab (na karin ƙasa) a sama babu ta a Unicode sam. Don haka ko bayan NFC kalmar lamba 5 ce: g, ā, U+0300, r, ī. A NFD lamba 7 ce. Ido kuwa harafi 4 yake gani. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne e da o sun yi sa'a tun farko: ḕ tana da U+1E15, ṑ ta gṑbe tana da U+1E51. Su a da i da u ba su samu ba. Haka r̃ ta tar̃à, dole r da U+0303, babu wata hanya.

Sani_Sabongari:
To me ya hana a rubuta wa masu Unicode ɗin su ƙara mana guda huɗun nan? Ai ba su fi ƙarfinsu ba, kullum ƙara ƴan hotunan dariya suke.

Hajiya_Rabi_Kod:
Sani ƙanena, wannan ƙofa an rufe ta da gangan. Sun yi alkawarin cewa rubutun da ya cika ƙa'idar NFC yau ba zai wayi gari ya fita daga cikinta ba. In suka ƙara ā̀ dunƙulalliya kuma NFC ta fara amfani da ita, duk tsofaffin rumbunan bayanai sun zama ba daidai ba ke nan. Dunƙulallun da ake da su yawancinsu gado ne daga tsofaffin tsare-tsaren rubutu na Turai, an shigo da su don kada tsohon rubutu ya lalace. Yarabanci ma haka yake fama da ẹ́ da ọ̀. Hanyar da aka bar mana ita ce alama mai hawa, kuma tana aiki in an bi ta daidai.

Injiniya_Bagalam:
Bari in ƙara wani abu da NFC ba za ta gyara wa Mushe ba, kuma ina kyautata zaton yana cikin jerin. Klabiyen AZERTY da muke da shi a Nijar yana da à a maɓalli guda. Mai bugu in ya zo gā̀rī, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya danna à sannan ya ɗora sandar tsawo, U+0304. Sakamakon: a, U+0300, U+0304. Daidai kuwa shi ne a, U+0304, U+0300, wato sanda tukuna, aksan a samanta. Alamomin suna hawa ne bi da bi, wadda ta fara zuwa ita ce a ƙasa, kamar jera kwanuka.

Me ya sa daidaitawa ba ta juya su? Kowace alama tana da lambar aji. Duk masu zama a sama irin su U+0300, U+0301, U+0302, U+0303 da U+0304 ajinsu 230 ne. Ɗigon ƙasa, U+0323, ajinsa 220. In aji ya bambanta, ƙa'ida tana jera su daga ƙarami zuwa babba, shi ya sa a ẹ́ ta Yarabanci ko ɗigo ka fara sawa ko aksan, ƙarshenta ɗaya. In aji ɗaya ne ba a taɓa su, don ana ɗauka da gangan ka jera su haka. Saboda haka gyaran hawa uku ne: a warware duka da NFD, a nemi U+0300 U+0304 a mayar U+0304 U+0300, sannan a dunƙule da NFC. In aka tsallake hawan farko, à ɗin da ke dunƙule za ta ɓoye U+0300 a cikinta, neman ba zai gan ta ba.

Mushe_Laminu:
Injiniya kamar kana wurin. A wasu layukan sandar ce a bisa aksan ɗin.

BaKatsine_Jibiya:
Gaisuwa daga tsallaken iyaka. Ni abin da ban gane ba, su ƙ da ɗ da ɓ fa? Ƙugiyar ba alama ce mai hawa ba? Na taɓa ganin wani ya ce a sa k sannan U+0309.

DanGulbi227:
A'a Malam, kada ka bi wannan. U+0309 ƴar ƙugiya ce da ke shawagi a saman wasali a rubutun Biyetnam, ba ta manne da sandar harafi. Namu masu ƙugiya haruffa ne masu cin gashin kansu: ɓ U+0253, Ɓ U+0181, ɗ U+0257, Ɗ U+018A, ƙ U+0199, Ƙ U+0198, ƴ U+01B4, Ƴ U+01B3. NFD ba ta warware ko ɗaya. Ka lura ɓ da ɗ ƙanana suna rukunin haruffan masana furuci, manyansu kuma suna wani rukuni tare da ƙ da ƴ. Shi ya sa za ka ga salon rubutu yana da ƙ amma ya rasa ɗ, sai injin ya aro ta daga wani salon, ta fito ƴar siririya a tsakiyar kalma. A kuma kiyayi masu kama: ɖ U+0256 wutsiyarta a ƙasa take, đ U+0111 sanda ce ta gitta ta. Ba namu ba ne.

Malam_Tibiri:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsoho ya sa baki. Abin da kuka ce mai hawa, ai mu wasali muka sani tun muna allo. Baƙi shi ka zama, wasali shi hau bisa ko ƙasa. Ashe na boko ma ga wannan hanya sunka komo. Shin ajami a cikin injin haka shike?

Injiniya_Bagalam:
Ranka ya daɗe Malam, haka yake daidai. Fataha U+064E, rufu'a U+064F, kisira U+0650, shadda U+0651, ɗauri U+0652, duk a bayan baƙinsu ake ajiye su. Ɗigon imala da muke sawa a ƙasa don sautin e yana da tasa lambar, U+065C, wadda ta shigo a Unicode 4.1 a 2005. Kada a sa ɗigon boko U+0323 a madadinsa. Wani abin lura: a nan ajin kowanne daban, fataha 30, rufu'a 31, kisira 32, shadda 33, ɗauri 34. Malami yana fara rubuta shadda sannan wasali, amma daidaitawa za ta sa wasalin gaba da shadda a ajiya. Salon rubutu mai kyau yana zana su daidai ko ta yaya suka zo. Na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL guda biyu an yi su ne don ajamin yankinmu, Harmattan da Alkalami.

Malam_Tibiri:
Madalla. Allah shi yi albarka.

Nana_Zariya2:
Mun bar Mushe da tambayarsa ta biyu fa. Zamewar aksan a takarda laifin polis ne, polis ɗin rubutu nake nufi, wato salon rubutu, ba na bakin titi ba. Alama mai hawa ba ta da faɗi nata, polis ne ke faɗa wa injin inda za ta sauka. A cikin polis na OpenType akwai maƙalai: wani sashe mai suna mark yana ɗaure alama da harafi, wani mai suna mkmk yana ɗaure alama a kan alama. In babu mark, aksan ya faɗi inda ya ga dama, sau da yawa ya karkata ko ya taɓa harafin gaba. In akwai mark babu mkmk, sanda da aksan su cakuɗe wuri guda. Sai kuma i: a littāfī̀, in ī ɗin warwararriya ce, dole polis ya cire ɗigon i kafin ya ɗora sanda, maras kyau kuwa barin ɗigon yake. Mushe, ka sa Charis SIL ko Doulos SIL ko Gentium, in na yara ne Andika, don ita an zana ta ne saboda masu koyon karatu. Noto Sans ma tana yi. Duk kyauta ne. Kuma kada ka kai fishiyen Word maɗaba'a a kile (USB). Mayar da shi PDF da polis ɗin a ciki, in ba haka ba injinsu zai musanya maka da abin da yake da shi.

Mai_Maɗabaa_Mokoyo:
Nana ta gama magana. Abin da zan ƙara, a gwada layi guda kafin a buga shafi ɗari: gā̀rī littāfī̀ tar̃à gṑbe kâi Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ. A fitar da shi a tsaye, a karkace, da mai kauri. Sau da yawa polis yana da maƙalai a na tsaye amma babu a na karkace. A duba manyan haruffa ma, Ā̀ takan bugi layin sama in tazarar layi ta yi ƙunci.

Sani_Sabongari:
Ta yaya ma ake buga alamar a Word ba tare da kwafo ta daga intanet ba?

Nana_Zariya2:
Ka rubuta lambar sannan ka danna Alt da X tare. Amma akwai tarko. In ka rubuta a0300, Word zai ɗauki a ɗin cikin lissafin, tunda a, b, c, d, e, f duk alƙaluma ne a ƙidayar sha shida. Sai ka rubuta aU+0300 sannan Alt da X. LibreOffice ma yana karɓar wannan. A Excel kuma =UNICAR(768) ita ce U+0300, 772 ita ce sanda, 771 ita ce ta kan r. Wanda zai buga kalma dubbai ba zai jure wannan ba, gara a sa Keyman, manhajar tsara klabiye, a kan duka injinan da tsarin klabiye iri ɗaya, sai hannun kowa ya fitar da abu guda.

Injiniya_Bagalam:
A kula da bambancin jeri kuma. A AZERTY kana fara danna ^ sannan a, ta ba ka â, U+00E2. Wancan mataccen maɓalli ne, jira yake. A ajiyar Unicode harafi ne gaba, alama a baya. Wanda ya saba da na farko in ya sa U+0300 kafin a, to g ce za ta ɗauki aksan ɗin. Mai yiwuwa abin da ya hau kan r a takardar Mushe ma irinsa ne, an sa alamar i kafin i. A duba lambobin wurin kafin a ɗora wa polis laifi duka. Kuma ` U+0060 da ´ U+00B4 da ¯ U+00AF ba masu hawa ba ne, tsayuwa suke a gefe da faɗinsu.

BaKatsine_Jibiya:
Wani abu da ke ba ni haushi: a turo maka jeri ka buɗe ka ga Æ™asa a wurin ƙasa. Wannan ma NFC ce maganinsa?

Hajiya_Rabi_Kod:
Wannan wata cuta ce daban, ta okte, abin da ku can kuke ce wa bayit. Lamba ɗaya ce, yadda ake zuba ta a fishiye kuma wani abu ne. A UTF-8 haruffan a zuwa z okte ɗaya ne, ƙ okte biyu ce, C6 99. In manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, C6 ta zama Æ, 99 ta zama ™. ɗ ita ce C9 97, ta fito É da dogon layi a kwance. é ta Faransanci C3 A9, ita ce Ã© da kowa ya sani. U+0300 kuwa CC 80 ce, don haka in ka ga aÌ€ ka san à ce warwararriya aka karanta a karkace. Rubutun bai lalace ba muddin ba a sake ajiye shi a haka ba. A Excel kada a danna fishiyen CSV sau biyu, a shigo da shi ta sashen bayanai a zaɓi 65001, wato UTF-8. Ko kuma mai turowa ya sa okte uku EF BB BF a farkon fishiyen, Excel na gane su. Don lissafi: gā̀rī okte 8 ce a NFC, 10 a NFD.

Abdu_Rezo:
Tunda an zo lissafi, masu tura saƙon salula da yawa su sani. SMS na ɗaukar harafi 160 in duk suna cikin jerin GSM. Harafi ɗaya ya fita daga jerin, saƙon duka ya koma 70. ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ba sa ciki, â da ā ma haka. Abin mamaki à è ì ò ù duka biyar suna ciki, amma dunƙulallu kawai. In à ɗinka warwararriya ce, ka faɗa 70 ba ka sani ba, kuma ta ci gurbi biyu. Dogon saƙo da aka yanka kashi-kashi yana zama 153 ko 67 a kowane kashi.

DanGulbi227:
Yankan nan ma wani rami ne ga masu rubuta manhaja. In ka ce a ɗauki lamba biyu na farkon gā̀rī, gā za ka samu, karin sautin ya tsaya a baya. In da okte kake yanka, kana iya raba alamar gida biyu ta fito da alamar tambaya a cikin baƙin lu'ulu'u. A JavaScript a yi amfani da Intl.Segmenter, shi yana ƙirga abin da ido ke gani.

BaKatsine_Jibiya:
Na ga kuna ta rubuta ƴ. Mu 'y muke sawa, 'ya'ya. Wanne ne daidai a injin?

Mushe_Laminu:
Kowanne daidai ne a gidansa. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ƴ ta ɗauka, shi muke koyarwa.

Injiniya_Bagalam:
A injin dai ƴ ta fi kwanciyar hankali, lamba ɗaya ce. Alamar da kuke sawa gaban y tana da fuska uku: ' U+0027 ta klabiye, ’ U+2019 da Word ke musanyawa da kansa, da ʼ U+02BC wadda ita Unicode ke ɗauka a matsayin harafi. Babu NFC ko NFD da ke haɗa su. Mu ma ba mu tsira ba, tunda muna da ita a sa'a da jama'a. A zaɓi guda a jerin a bi ta da nema da musanyawa.

Hajiya_Rabi_Kod:
Mu koma kan Mushe. Ni shawarata: a Python a kira unicodedata.normalize da NFD, a gyara jerin sanda da aksan yadda Injiniya ya ce, a ajiye da NFC. Sannan a buɗe shafi na biyu na nema kawai, inda aka warware kalmar aka zubar da duk abin da rukuninsa Mn ne, wato alamomi masu hawa. gàrī da gā̀rī duka su zama gari, malami ya buga gari ya samu biyun. Ƙugiya ba ta zubewa a wannan tataccen, don haka ƙafa ba za ta zama kafa ba. A guji NFKC, wata ƙa'idar daidaitawa daban, a kan asalin jerin, tana taɓa abubuwan da ba a aike ta ba, misali ´ takan koma fili da U+0301.

Injiniya_Bagalam:
Hajiya a nan na saɓa miki kaɗan. Jerin da aka yi shi don karin sauti, ni da NFD zan ajiye asalinsa. A NFC ṑ lamba ɗaya ce, ā̀ biyu, à ɗaya. In Mushe ya ce a fito masa da duk kalmomin da ke da karin ƙasa, sai an lissafa à è ì ò ù ḕ ṑ da U+0300 ɗaya bayan ɗaya. A NFD neman U+0300 kaɗai ya wadatar. Sai ranar fitarwa a dunƙule.

Hajiya_Rabi_Kod:
Gaskiya ne ga mai bincike. Amma jerin zai zaga hannun malamai, su kuma da klabiyensu à dunƙulalliya za su ƙara. Sati guda ya isa a sake cakuɗa shi. Shafukan intanet ma NFC aka fi so.

Nana_Zariya2:
Da NFC ɗin ma zai cakuɗe in wani ya kwafo kalma daga PDF ko daga sunan fishiyen da ya fito daga tsohuwar Mac, tunda tsarinta na ajiyar fishiye, HFS+, warware sunaye yake. Ko wanne aka zaɓa, sai an sake tace jerin duk lokacin da aka ƙara masa abu.

Sani_Sabongari:
Ni dai har yanzu ina ganin wahala ce. Jarida da littafin karatu ba sa sa karin sauti, kowa kuma yana gane garin da ake nufi.

Mushe_Laminu:
Bahaushe yana ganewa, Sani. Malamin da aka turo daga Dosso ko Diffa fa? Don shi ake yin jerin. Na sa Charis SIL, aksan ya zauna a mafi yawan wurare, saura layi kaɗan da na ga alamar ta riga wasalinta kamar yadda Injiniya ya faɗa. Yanzu wata ta taso: da na ce a jera daga a zuwa z, ɓ da ɗ da ƙ duk sun tafi can ƙasa bayan z.

DanGulbi227:
Da girman lamba ya jera maka, U+0253 kuwa ta fi z nesa. Jerin Hausa, b ɓ c d ɗ har zuwa k ƙ da y ƴ, yana cikin bayanan CLDR, rumbun ƙa'idojin harsuna na Unicode, ana kiransa da ha, na Nijar ha-NE. Da wace manhaja ka jera, Excel ɗin ko LibreOffice? Kuma kana so sh da ts su zauna a matsayin harafi guda, ko a bar su cikin s da t?